Jinyar Ƙaramin Yaro Mai Zazzaɓi a Gida da Iyakarta: Nazari a Kan Jega da Aliero da Maiyama

GABATARWA

Da wuya a sami gida a ƙasar Jega ko Aliero ko Maiyama wanda damina za ta faɗi har ta ɗauke ba a kwana a zaune a cikinsa saboda zafin jikin yaro ba. Abin ya zama jiki, har ba a lissafa shi cikin cututtuka masu ban tsoro. In an tambayi uwa sai ta ce masassara ce, ko ta ce haƙora yake yi. Sau da yawa kuwa yaron yakan sami sauƙi cikin kwana biyu ko uku, wannan ya ƙara tabbatar wa mutanen gida cewa ba wani abu ba ne. Amma a cikin irin waɗannan yara ne akan sami wanda yau da hantsi yana wasa a tsakar gida, jibi war haka ana zaman makokinsa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana abin da ya wajaba a yi wa ƙaramin yaro, ɗan shekara ɗaya zuwa uku, idan zazzaɓi ya kama shi a gida, sa'an nan a nuna inda aikin gida ya tsaya, na asibiti ya soma. Wannan iyaka ita ce jigon maganar, domin cututtukan da suka fi kashe yara masu zazzaɓi a wannan yanki duk suna da magani, maganin kuwa sau da yawa yana nan cikin garin, ko a garin da ke kusa. Jinkiri ne ke shiga tsakaninsa da yaron.

An nufi ɗalibai da ma'aikatan gwamnati da wannan bayani musamman. A ƙauye duk wanda ya yi karatu mai zurfi ko yake karɓar albashi, shi ake tambaya in rashin lafiya ta samu, ko da kuwa aikin gona ko lissafin kuɗi ya karanta. Wani lokaci ma aljihunsa ake jira kafin a ɗauki yaro a kama hanya.

ƘASAR DA LOKUTAN CUTUTTUKANTA

Ƙananan Hukumomin Jega da Aliero da Maiyama maƙwabtan juna ne a cikin Masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Gulbin Zamfara ya ratsa ta Jega, fadamun yankin kuwa suna ba da shinkafa da kayan lambu rani da damina. Aliero ta yi suna wajen albasa, kasuwar Jega kuma sananna ce ga fatake tun ƙarni na 19. Sai dai ruwan da ke kawo wannan arziki shi ne kuma ke raya sauro.

Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a kan zazzaɓin cizon sauro a 2021 ya nuna girman abin. An ɗibi jinin yara 'yan wata 6 zuwa 59 aka duba da madubin likita, aka sami ƙwayar cutar a jikin kashi 22 cikin 100 na yaran Nijeriya baki ɗaya. A Jihar Legas bai kai kashi 3 ba. A Jihar Kebbi kuwa kashi 49 ne, babu jihar da ta kai ta. Watau kusan rabin yaran jihar suna yawo da ƙwayar a jininsu a lokacin binciken. Ko da yake an sami ragi, tun da a 2015 kashi 64 ne, a 2018 kuma kashi 52, ragin bai kai na a saki jiki ba.

Kowane lokaci na shekara da irin cutar da ya fi kawowa. Daga tsakiyar damina zuwa kaka zazzaɓin cizon sauro ke kan gaba. Da hunturu, ƙura da sanyi kan kawo mura da tari da ciwon haƙarƙari, wanda likitoci ke kira namoniya. Daga ƙarshen hunturu zuwa bazara kuwa lokacin ƙyanda ne da sanƙarau. Wannan yanki yana cikin zirin ƙasar da likitan Faransa Lapeyssonnie ya bayyana a 1963, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha, inda sanƙarau ke zuwa annoba-annoba. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. A 2014 da 2015 wani sabon nau'insa ya ɓulla a Jihar Kebbi. A watan Maris na 2025 Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta ba da sanarwar rasuwar mutum 26, 15 a Gwandu, 6 a Jega, 4 a Aliero, 1 a Argungu.

Amfanin sanin waɗannan lokuta shi ne mai jinya ya san abin da zai fara zato. Yaron da jikinsa ya yi zafi a watan Satumba, zazzaɓin cizon sauro za a fara tuhuma har sai gwaji ya wanke shi. Wanda ya yi zafi a watan Maris, lalle a duba wuyansa.

MENE NE ZAZZAƁI?

Zafin jikin lafiyayyen mutum yana wajen digiri 37 a ma'aunin santigired. Idan ya kai 38, ko kuwa 37.5 in a hammata aka auna, to, an ce akwai zazzaɓi. Jiki ne da kansa ke ɗaga zafin nan idan wata ƙwayar cuta ta shige shi, domin ya taimaka wa garkuwarsa wajen yaƙi. Ashe ke nan zazzaɓi alama ce kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Wanda ya kore hayaƙi da mafici bai kashe wutar ba.

Daga nan abubuwa biyu ke fitowa. Na farko, yawan zafi shi kaɗai ba ya nuna girman haɗari. Yaron da zafinsa ya kai digiri 39 amma yana shan nono, yana kallon mutane, yana miƙa hannu ga abin wasa, ya fi kwanciyar da hankali a kan wanda zafinsa 38 ne amma ya yi laƙwas ba ya ko ɗaga kai. Na biyu, saukar zafi bayan an ba da magani ba ya nufin cuta ta tafi.

Maganar haƙora kuwa tana buƙatar a tsaya a kanta, domin ta daɗe tana jawo asara. Fitowar haƙora takan sa yaro rigima da dalalar da yawu da son cizon abu, amma ba ta kawo zazzaɓi mai ƙarfi, ba ta kawo gudawa mai yawa. Abin da ya haɗa su lokaci ne kawai. Garkuwar da jariri ya samo daga jinin uwarsa takan fara raguwa daga wajen wata shida, daidai lokacin da haƙora ke soma fitowa, daidai kuma lokacin da yaro ke fara rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki. Bayan wannan sai yaye ya biyo, a raba shi da nono, wani lokaci a kai shi gidan kakarsa, inda abinci da makwanci suka sake masa. Shi ya sa shekarun nan, daga ɗaya zuwa uku, suke da wuyar tsallakewa. Duk ranar da aka ce haƙora ne aka koma aka zauna, an ba ainihin cutar kwana guda kyauta.

AIKIN GIDA

Aikin gida guda biyar ne, babu kuwa wanda ya fi ƙarfin talaka a cikinsu.

Na farko shi ne aunawa. Bayan hannu a goshi yakan nuna cewa akwai zafi, amma ba ya faɗin yawansa. Ma'aunin zafin jiki na zamani, mai nuna lamba, ana samunsa a kemis, ya kuwa kamata a ce kowane gidan ma'aikaci yana da shi, maƙwabta ma su amfana. A sa shi a hammata, a riƙe hannun yaron har ya yi ƙara. A rubuta lambar da lokacin da aka auna, domin wannan 'yar takarda tana da amfani ƙwarai ga malamin asibiti.

Na biyu shi ne ruwa da abinci. Jiki mai zafi yana zubar da ruwa ta gumi da numfashi, yaro kuwa ba shi da ajiya mai yawa. In yana shan nono a ƙara ba shi fiye da kullum. In an yaye shi a riƙa ba shi tafasasshen ruwa da kunu da koko da romo kaɗan-kaɗan a kai a kai, ko da cokali ne. Kada a hana shi abinci da sunan ciwo ya hana, kada kuma a yi masa ɗura, domin ɗura kan sa kunu ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. In akwai gudawa a jiƙa ƙullin gishiri da sukari na asibiti a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a haɗa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14.

Na uku shi ne tufafi da ɗaki. Al'ada ce idan yaro na rawar ɗari a lulluɓe shi da bargo, a rufe ƙofa da taga, wani lokaci har a hura garwashi. Wannan yana tsare zafin ne a jikinsa. Riga guda marar nauyi ta isa, a bar iska ta shiga ɗaki. Ana iya goge masa jiki da tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi in hakan na sanyaya masa rai, amma ban da ruwan randa mai sanyi, ban da ƙanƙara. In ya soma kuka ko makyarkyata sai a bari.

Na huɗu shi ne maganin rage zafi, watau farasitamol. Da nauyin yaro ake auna shi: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo guda, bayan kowace awa 6, kada a wuce sau 4 a kwana ɗaya. Alal misali, yaro mai kilo 10 zai sha mililita 5 na ruwan maganin da aka rubuta 120 ko 125 cikin mililita 5 a jikin kwalbarsa. A yi amfani da ɗan ma'aunin da ke zuwa da kwalbar, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Wuce ƙa'ida yana lalata hanta. A kuma lura, magungunan mura da na haƙora da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki, wanda ya haɗa su da na kwalba ya ninka wa yaro magani bai sani ba. Asfirin kuwa ba a ba ƙananan yara shi, saboda yakan jawo wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Inda aka sayi maganin ma abin dubawa ne. A 1990 yara 47 suka rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 irin wannan guba a cikin wani maganin haƙora mai suna My Pikin ta kashe yara 84 a Nijeriya. Saboda haka a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewar magani, a guji wanda aka baza a tire rana na dukansa a kasuwa.

Na biyar, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne lura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: babu likitan da ya kai uwa sanin yadda ɗanta yake in yana lafiya. A lura da shansa, da fitsarinsa, da numfashinsa, da barcinsa. Da dare a tashi a duba shi sau biyu ko uku, a tabbatar in an taɓa shi yana motsawa, in an tashe shi yana tashi.

Game da sassaƙe da jiƙe-jiƙe, irin su ganyen dogon yaro da rai-ɗore, ba a musun cewa a cikin itatuwa akwai magani. Maganin zazzaɓin cizon sauro da duniya ke taƙama da shi yau daga wani tsiro na ƙasar Sin ya fito, ɗan'uwan tazargade, wata masaniya mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka tace shi a 1972, aka ba ta lambar Nobel a 2015. Amma wancan an tace shi, an auna, an san abin da mai kilo 10 zai sha. Jiƙon gida ba shi da awo, hanta da ƙodar yaro kuwa ƙanana ne. Surace a ƙarƙashin bargo yakan ƙona yaro ko ya ƙara masa zafi. Babbar illar duka ita ce kwanakin da ake ɓatawa ana jiran a ga aikinsu.

INDA AIKIN GIDA YA TSAYA

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun tsara wasu alamomi da ake koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci domin gane yaron da ke cikin haɗari. Babu abin da zai hana iyaye su haddace su. Duk yaro mai zazzaɓi da aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa, a ɗauke shi nan take, ko da tsakar dare ne:

(a) ya kasa shan nono ko ruwa;
(b) yana amayar da duk abin da aka ba shi;
(c) ya yi jijjiga;
(d) ya yi laƙwas, yana barcin da ba a iya tayar da shi, ko ba ya gane mutane;
(e) wuyansa ya sanƙare, ko yana ƙyamar haske, ko wasu ɗige-ɗige masu duhu sun fito masa a fata;
(f) numfashinsa ya yi sauri, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa idan ya ja iska;
(g) tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat, ko idonsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi baƙi;
(h) idanunsa sun faɗa, bakinsa ya bushe, ya daɗe bai yi fitsari ba.

Ƙidayar numfashi abu ne da kowane mai agogo ko wayar hannu zai iya. A ɗage rigar yaro lokacin da yake kwance shiru, a ƙirga ɗagawar ƙirjinsa cikin minti ɗaya cikakke. Ga ɗan shekara 1 zuwa 5, sau 40 ko fiye sauri ne. Ga ɗan wata 2 zuwa 12, sau 50. Wannan ita ce alamar namoniya ta farko, tana kuwa bayyana tun kafin yaro ya galabaita.

Akwai kuma yaran da ba a jiran wata alama a kansu, zazzaɓin kansa ya isa dalili: jaririn da bai kai wata 3 ba, da yaro mai amosanin jini, da wanda tamowa ta kama.

JIJJIGA

Babu abin da ke firgita gida kamar a ga yaro ya sandare, idanunsa sun kakkafe, gaɓoɓinsa na fizga. A irin wannan firgita ne ake yin ɓarna. Wasu su cusa cokali a baki har haƙora su karye, wasu su ɗura man ja ko rubutu, wasu su turara hayaƙi ko su matsa albasa a ido, wasu su kai ƙafafun yaron kusa da wuta. Yaron da ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, duk abin da aka zuba masa huhu yake nufa.

Abin yi kaɗan ne. A kwantar da shi a kan gefensa a shimfiɗa, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sassauta masa tufafi, kada a sa kome a bakinsa, kada a danne shi, a duba agogo. Gaskiya ne akwai jijjigar da zafi kawai ke kawowa ga yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5, wadda takan tsaya da kanta cikin 'yan mintoci ba ta bar illa ba. Amma a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro mai hawa ƙwaƙwalwa da sanƙarau suke, ba mai iya rarrabe wannan da waccan a tsakar gida. Saboda haka ko ta tsaya sai an kai shi asibiti, in kuwa ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, a kama hanya da shi a hakan. Addu'a ba ta hana tafiya, ana iya yinta a bisa hanya.

GWAJI KAFIN MAGANI

To, yaron da ba shi da ko ɗaya daga alamomin nan fa? Shi ma a wannan yanki ba a barinsa ya wuce awa 24 da fara zazzaɓi ba a gwada jininsa ba. Dalili kuwa, ƙwayar da ta fi yawa a nan, wadda ake kira falsifarum, tana ninka kanta a cikin jini duk bayan kwana biyu, tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini tana toshe ƙananan jijiyoyi. Babba wanda ya sha fama da ita yana da 'yar garkuwa. Ɗan shekara biyu ba shi da ita, ciwon yakan iya tsananta masa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada kafin a ba da magani. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako, ƙananan asibitoci ma suna yinsa. In ya nuna akwai cutar, sai a ba da maganin haɗin nan da ake kira ACT, wanda Nijeriya ta koma gare shi a 2005 bayan kulorokwin ya daina aiki. Wanda aka fi bayarwa ana shansa sau 6 cikin kwana 3. Yaro mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya ta yara yake sha kowane lokaci, tare da nono ko abinci mai ɗan maiƙo. In ya amayar cikin rabin awa a sake ba shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a rana ta biyu domin jiki ya yi sanyi, a ajiye saura don gaba. Wannan yakan sa ciwon ya dawo, ya kuma koya wa ƙwayar cutar jure magani.

In gwaji ya nuna babu, to, sai a nemi wani dalili: kunne, maƙogwaro, huhu, mafitsara, ko ƙyanda. Wani lokaci mura ce kawai wadda za ta wuce da kanta. Ba a matsa wa malamin asibiti sai ya yi allura, domin allura ba ta fi ƙwaya ƙarfi ba ga yaron da ke iya haɗiya. In an koma gida zazzaɓi bai sauka ba bayan kwana 2 ko 3, ko wata alamar haɗari ta ɓulla, sai a sake komawa.

ABIN DA KE KAWO JINKIRI

Sau da yawa uwa ta riga ta gane cewa ciwon ya fi ƙarfin gida, amma ba ta da ikon fita. Maigida yana gona, ko ya tafi kasuwar Jega, ko yana can Kudu cin rani. Surukarta ta ce a dakata a ga abin da jiƙo zai yi. Kuɗin mota da na kati ba su hannunta. Kafin waɗannan su warware rana ta faɗi, a ce sai da safe. A ƙauyukan da ke nesa da titi, a yankin Mungadi ko Andarai ko Jandutsi ko Sabiyel, damina kan ƙara da tata wahalar hanya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai shiri huɗu da kowane magidanci zai iya yi tun yaro na lafiya. Ya ba matarsa izini tsayayye, a gaban mahaifiyarsa, cewa duk ranar da yaro ya yi zazzaɓi ta kai shi asibiti ko ba ya nan. Ya ajiye wasu 'yan kuɗi a hannunta waɗanda ba a taɓawa sai don wannan. Ya bar mata lambar wayar mai babur ko mai mota amintacce. Ya kuma san asibitin da ke buɗe da dare, domin ba kowane ɗakin shan magani ke kwana da ma'aikaci ba. Jega da Aliero da Maiyama kowace tana da babban asibiti, abin da ya gagara kuma akan tura shi Birnin Kebbi, Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 6 da ciwon ya tsananta masa a wuri mai nisa, akwai maganin matsi na atesunet da ma'aikacin lafiya kan sa masa ta dubura. Wannan guzurin hanya ne kawai, tilas a ƙarasa asibiti.

Tun taron Alma-Ata na 1978 duniya ta yarda cewa kiwon lafiya daga gida da ƙauye yake farawa. Wannan yanki kuwa ba ya rasa masu ilmi: ga Kwalejin Kimiyyar Lafiya a Jega, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Aliero tun 2006. Ɗalibin da ya je hutu ya koya wa matan gidansu ƙidayar numfashi da alamomin nan takwas ya yi aikin da wata ƙila ba zai taɓa sanin yawan ladansa ba. Ma'aikacin Ƙaramar Hukuma kuwa, wanda takardar kuɗin magani ko ta albashin ma'aikatan asibiti ke bi ta teburinsa, ya sani cewa kwanan da ta yi a aljihun tebur yana iya zama daren da wata uwa za ta tarar da asibiti a rufe.

RIGAKAFI

Abubuwan rigakafi da ke hannu yau sun fi na kowane zamani. Akwai gidan sauro mai magani, wanda amfaninsa sai an ɗaura shi yaro ya kwana ciki kowane dare, rani da damina. Akwai maganin rigakafin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata. Mai rabo ke ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku kuwa a hannun uwa ake barinsu, in ba ta bayar ba aikin bai cika ba.

A watan Disamba na 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21 a Nijeriya, Jihohin Kebbi da Bayelsa ne kuwa aka fara da su. Sau 4 ake yinta: a wata 5, da 6, da 7, da 15. Tana rage kamuwa da tsananin ciwon, amma ba ta ɗauke wa kowa gidan sauro ba, yaron da aka yi masa ita ma in ya yi zazzaɓi sai an gwada shi. A 2024 ɗin ne kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i 5. Allurar ƙyanda ana yinta a wata 9 da wata 15. Katin rigakafin yaro takarda ce da ta cancanci a adana ta tare da takardun gona da na makaranta.

KAMMALAWA

A taƙaice, gida yana da aikinsa, asibiti yana da nasa. Na gida shi ne a auna, a shayar, a sassauta tufafi, a ba da farasitamol bisa ƙa'ida, a sa ido. Gane cutar da kashe ta aikin asibiti ne. Tsakanin biyun akwai wa'adin awa 24 ga yaron da ke ci yana sha, babu wa'adi ko na awa ɗaya ga wanda ya nuna alamar haɗari. Uwa ce ke fara ganin alamar, amma izini da kuɗi da abin hawa galibi suna hannun maza, da yawa daga cikinsu kuwa ɗalibai ne da ma'aikata irin waɗanda aka shirya wannan lacca dominsu. Abin da ya rage shi ne kowa ya koma gida ya yi shirin nan huɗu tun damina ba ta faɗi ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.